Ƙugiyar Da Ke Cikin Jini: Labarin Binciken Likita McEver

Babu wanda bai san kumburi ba. Manomi ƙaya ta soke shi a gona, kafin gari ya waye wurin ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi, ba ya son ko tufa ta taɓa shi. Mace wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa, jini ya zuba kaɗan, sa'an nan ya tsaya don kansa, bayan kwana biyu bakin yankan ya kumbura. Abubuwan nan biyu, watau tsayawar jini da kumburin rauni, kullum tare mu ke ganinsu, har mun saba, ba mu tambayar abin da ya gama su. Likitoci ma sun daɗe suna karanta su dabam dabam, kamar ayyukan ma'aikatu biyu waɗanda ba ruwan wata da wata.

Yau muna so mu ba masu karatu labarin wani likita na ƙasar Amurka, sunansa Rodger McEver, wanda shi da waɗansu masana suka gano abin da ya ɗaure ayyukan nan biyu wuri guda. Labarin ya shafe mu ƙwarai, gama ƙarshensa ya biyo ta kan ciwon sikila, wanda a ke kira amosanin jini, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan 'ya'yan da a ke haifa da shi.

MAZAUNA CIKIN JINI

In aka ɗiga jini a kan gilashi aka duba shi da madubin likita, sai a ga ashe ba ruwa ne zalla ba, akwai ƙwayoyi iri uku suna iyo a cikinsa. Na farko su ne jajayen ƙwayoyi, 'yan dako ke nan, masu ɗaukar iskar da mu ke shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki. A cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, watau milimita guda tsawo da faɗi da zurfi, a kan sami wajen miliyan 5. Na biyu fararen ƙwayoyi, su ne mayaƙa, aikinsu farautar ƙwayoyin cuta da haɗiye su. Ba su da yawa, daga 4,000 zuwa 11,000 ne cikin ɗigon nan. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawawwakinsu ne, waɗanda suka mutu a fagen fama.

Na uku su ne ƙanana duka. Likitoci suna ce da su filetilet, mu kuwa a nan za mu kira su 'yan toshiya, don aikinsu ke nan. A kan sami 150,000 zuwa 400,000 cikin ɗigon da muka ambata. Su ba cikakkun ƙwayoyi ba ne, ɓarɓashi ne da ke gutsurowa daga jikin waɗansu manyan ƙwayoyi na cikin ɓargo, kamar yadda James Homer Wright ya nuna a birnin Boston cikin 1906. Kwanansu a duniya ba ya wuce 10, saboda haka jikin babban mutum ya kan ƙera wajen miliyan dubu 100 kowace rana don maye gurbin waɗanda suka shuɗe. In jijiya ta huje, su ne ke fara isa wurin, su manne, su kira 'yan'uwansu, su taru su toshe kafar kamar yadda a ke yaɓe tsagar rumbu.

ABIN DA MAGABATA SUKA GANI

Tun kusan shekara 2,000 da suka wuce wani marubucin Rumawa, Celsus, ya lissafa alamun kumburi huɗu, watau ja, da tashi, da zafi, da ciwo. Amma abin da ke gudana a ciki bai bayyana sosai ba sai cikin 1867, sa'ad da wani likitan Jamus, Julius Cohnheim, ya shimfiɗa tantanin hanjin kwaɗo mai rai a ƙarƙashin madubi, ya zauna yana kallon jini na gudu cikin ƙananan jijiyoyi. Ya ga jijiyoyin sun buɗe, fararen ƙwayoyi sun bar tsakiyar magudana sun koma gefe, sun jeru jikin bango, daga nan suka riƙa kutsawa ta cikin bangon suna fita waje zuwa wurin da ya sami rauni.

Bayan shekara 15, watau cikin 1882, wani likitan Italiya a birnin Turin, Giulio Bizzozero, ya yi irin wannan kallo a jijiyoyin zomo da waɗansu ƙananan dabbobi. Shi ne ya tabbatar da cewa 'yan toshiya iri ne na uku mai zaman kansa. Ya kan taɓa jijiya da allura, nan da nan sai ya ga sun yi cincirindo a wurin, har da waɗansu fararen ƙwayoyi maƙale cikin tarin.

To, ga tambayar da magabatan nan suka bari. Jini gudu ya ke yi, ba ya tsayawa. Ƙwayar da ke cikinsa tamkar mutum ce wanda kogi ya ɗauka a tsakiyar damina. In ba a miƙa masa gora ko igiya daga gaɓa ba, ina zai iya tsayawa? Wa ke miƙa wa farar ƙwaya igiya, kuma yaya a ke yi a miƙa ta daidai wurin da ƙaya ta shiga, ba wani wuri ba? Shekara 100 cur aka yi ba a sami amsa ba.

BINCIKEN SAN ANTONIO

McEver ya gama karatun likita a Jami'ar Chicago cikin 1974, sa'an nan ya ƙware kan cututtukan jini. A farkon shekarun 1980 yana aiki a birnin San Antonio na jihar Texas, kuma hankalinsa duk yana kan 'yan toshiya. An san cewa suna da hali biyu. Sa'ad da babu rauni su kan yi ta yawo sumul, kamar 'yan faya-fayai, ba su manne wa kome, sai ka ce barci su ke yi. Da sun ji ƙamshin rauni sai su farka, su fid da ƙafafu, su zama masu danƙo. Abin da McEver ke nema shi ne wata alama a jikin farkakke wadda babu ita a jikin mai barci.

A lokacin akwai wata sabuwar dabara da aka ƙago a Kambirij ta Ingila cikin 1975, ta samun wani sinadari daga ƙwayoyin ɓera, wanda a ke kira antibodi. Halinsa shi ne ba ya kama kome sai abu guda tak, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kowace ƙofa sai tasa. McEver ya haɗa irinsu da dama yana gwadawa. Cikin 1984 ya ba da labarin guda, wanda ya sa wa lamba S12, mai kama ɗan toshiya in ya farka, amma in yana barci da ƙyar ya ke taɓa shi. Shekara ta gaba, tare da Dorothy Bainton ta San Francisco da abokan aikinta, aka duba da madubi mafi ƙarfi, aka ga inda abin ya ke ɓoye. Ashe cikin kowane ɗan toshiya akwai 'yan jakunkuna, abin kuwa yana liƙe a bangonsu. Da ɗan toshiya ya farka, sai jakunkunan su matso su buɗe baki, kafin a ƙirga daƙiƙu kaɗan wajen 10,000 na abin nan sun bayyana a waje.

A daidai wannan lokaci kuma, can Boston, wani miji da mata, Bruce Furie da Barbara Furie, su ma sun ci karo da shi ta tasu hanya. Kowane ɓangare ya raɗa masa suna, waɗannan suka ce GMP-140, waɗancan suka ce PADGEM, kafin a gane ɗa guda ne aka yi wa suna sau biyu. Amma aikinsa fa, babu wanda ya sani tukuna.

SHEKARAR 1989

Cikin 1987 McEver ya koma birnin Oklahoma, ya ci gaba da bin sawun abin. Cikin 1989 shi da mutanensa suka karanta ƙirarsa tun daga gindi har kai. Suka tarar dogo ne kamar gora, gindinsa kafe a jikin ƙwaya, a kansa kuwa akwai wata ƙugiya irin mai kama sukari. Kada mai karatu ya zaci sukarin shayi mu ke nufi. Kowace ƙwaya ta jiki tana sanye da 'yan sarƙoƙi na dangin sukari iri iri, kamar tsagar fuska da a ke gane asalin mutum da ita. Abin mamaki, cikin wannan shekara waɗansu masana dabam suka karanta ƙirar waɗansu abubuwa biyu, ɗaya a jikin fararen ƙwayoyi, ɗaya a bangon jijiya, aka ga duk ukun 'yan gida ɗaya ne. Daga baya aka haɗa su aka kira su silektin, aka bambanta su da haruffa, L da E da P. Na McEver shi ne mai harafin P. Mu dai ƙugiya za mu ci gaba da ce masa.

Har ila yau cikin 1989 aka gano abu biyu. Na ɗaya, mutanen Furie tare da wata masaniya, Denisa Wagner, suka nuna cewa da ƙugiyar nan ce farkakken ɗan toshiya ke kama fararen ƙwayoyi. In aka garwaya su sai a ga farar ƙwaya ta sha ado da 'yan toshiya kewaye da ita, in kuwa aka rufe ƙugiyar da antibodi sai kowa ya kama gabansa. Na biyu, McEver da Wagner, kowa ta nasa ɓangare, suka tarar ba 'yan toshiya kaɗai ke da ita ba. Kowace jijiya tana da wani lallausan shafe daga ciki, kamar yadda a ke shafe ɗaki. Ƙwayoyin shafen nan su ma suna da ƙugiyar, a ajiye cikin waɗansu jakunkuna da Ewald Weibel da George Palade suka gani tun 1964. In wuri ya sami rauni, cikin 'yan mintoci kaɗan sai su fid da ita.

Ga amsar tambayar magabata ta fara fitowa. Igiyar a ɓoye ta ke, ba a miƙa ta sai inda aka yi ɓarna, masu miƙa ta kuwa su ne bangon jijiya da 'yan toshiyan da suka riga kowa isa wurin.

YADDA A KE SAUKA DAGA JINI

Sauran aiki shi ne a san abin da ƙugiyar ke kamawa. Cikin 1992 Kevin Moore, wanda ke aiki tare da McEver, da Richard Cummings, masanin sarƙoƙin sukari, suka fid da shi daga jikin fararen ƙwayoyi. Sunansa a wurin likitoci PSGL-1. Mu sai mu ce zobe, tun da shi ƙugiya ke shiga.

Yanzu sai mu jera abin yadda ya ke faruwa. Ƙaya ta shiga. 'Yan toshiya sun manne, sun farka, ƙugiyoyi sun fito a jikinsu da jikin bango. Farar ƙwaya ta taho a guje, ƙugiya ta kama zobenta. Ba ta tsayawa nan take, gama ƙugiyar ba ta daɗewa ta ke saki. Amma kafin ta baya ta saki, ta gaba ta kama, sai ƙwayar ta riƙa mirginawa a hankali jikin bango, tana sansanar alamun da wurin ke fitarwa. In ta ji lalle akwai abokin gaba, sai ta fid da waɗansu faratan riƙo masu ƙarfi, ta tsaya cik, ta baje, ta nemi tsakanin ƙwayoyin shafe ta kutsa waje. Michael Lawrence da Timothy Springer na Boston su ne suka nuna cikin 1991 cewa dole mirginawa ta riga tsayawa. Duk wanda ya taɓa ganin mai keke zai sauka a gangare ya san haka, sai ya rage gudu kafin ya sa ƙafa ƙasa.

Akwai wata hikima kuma cikin ƙugiyar, wadda ba a gane ba sai 2003. An lura in jini ya yi sanyin gudu ƙwarai, ƙwayoyin ba su mirgina da kyau, alhali hankali zai ba mutum cewa lokacin ne riƙo zai fi sauƙi. McEver ya haɗa kai da wani injiniya a birnin Atlanta, Cheng Zhu, suka ɗauki ƙugiya guda da zobe guda suka riƙa ja da wata na'ura mai laushin hannu. Suka tarar in an ja kaɗan riƙon ya kan ƙara daɗewa, sai ja ya wuce wani haddi sa'an nan ya fara kuɓucewa. Makiyaya sun san irin wannan ɗauri, shi ne zarge, wanda in akuya ta ja sai ya ƙara kama ta. Wannan hali yana taimakawa ƙwayoyi su kama inda jini ke gudu, su kuma saki juna inda ya lafa.

SHAIDU BIYU

Mai karatu zai ce, ina shaidar cewa jiki na bukatar wannan duka? Akwai shaidu biyu. Cikin 1993 Denisa Wagner da Richard Hynes da Tanya Mayadas suka haifar da ɓeraye waɗanda aka cire musu ƙugiyar tun daga halitta. Da aka duba jijiyoyinsu, kusan babu farar ƙwaya mai mirginawa, kuma in an sa musu abin kumburi mayaƙan kan makara wajen isa. Shaida ta biyu daga 'yan Adam ta fito. Cikin 1992 wani likitan yara a birnin Haifa, Amos Etzioni, ya ba da labarin yara biyu waɗanda jikinsu ba ya iya ƙera sukarin da ƙugiyoyi ke kamawa. Jininsu maƙil da fararen ƙwayoyi, amma cuta bayan cuta ke kama su. Runduna ce a cike, ba ta da hanyar fita filin daga.

Da aka zurfafa kuma sai aka ga gamuwar ɗan toshiya da farar ƙwaya ba ta tsaya ga riƙo ba, har da saƙo. Cikin 1996 masana a jihar Utah, tare da McEver, suka nuna cewa in ɗan toshiya ya kama wata irin farar ƙwaya, sai ta shiga ƙera sinadaran kiran gayya. Mutanen Furie kuma sun nuna cewa riƙon kan sa ta fid da abin da ke tayar da daskarewar jini. Watau mai toshiya yana zuga mayaƙi, mayaƙi kuma yana taya mai toshiya. Cikin 2004 aka gano a Berlin cewa waɗansu fararen ƙwayoyi kan warware zaren halittar da ke cikinsu su watsa shi kamar ragar masunta, ƙwayoyin cuta su faɗa ciki. Cikin 2007 Paul Kubes na birnin Calgary a Kanada ya nuna cewa in cuta ta shiga jini, 'yan toshiya kan gane ta, su hau fararen ƙwayoyi, su sa su jefa ragar.

ZUMA GA ZAƘI GA HARBI

Duk wannan alheri ne muddin ya tsaya a bakin rauni. Amma in gayyar ta tashi ko'ina cikin jiki, ko kuwa ta tashi ba abokin gaba, sai maganin ya koma cuta. Raga ba ta tambayar abin da ta kama. Wagner ta nuna cikin 2010 cewa 'yan toshiya da jajayen ƙwayoyi kan maƙale a cikinta har gudan jini ya ginu. A jinin waɗanda suka sami bugun zuciya a kan tarar da fararen ƙwayoyi da yawa ɗauke da 'yan toshiya. Haka kuma lokacin annobar korona cikin 2020, likitoci sun sami ragogin nan da gudajen jini cikin ƙananan jijiyoyin huhun waɗanda suka rasu.

Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne ciwon sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2006 cewa wajen yara 150,000 a ke haifa da shi a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum guda cikin huɗu yana ɗauke da irinsa ba tare da ciwo ba. Duk gidan da ke da mai shi an san daren da ciwon kan tashi, yaro na kuka da ƙashi, uwa na zaune ba ta da abin yi sai addu'a da neman abin hawa zuwa asibiti. Tun da James Herrick ya kwatanta ciwon a Chicago cikin 1910, abin da a ke koyarwa shi ne jajayen ƙwayoyi kan lanƙwashe kamar lauje, su taurare, su cushe ƙananan jijiyoyi. Wannan gaskiya ne, amma da saura. Cikin 1980 Robert Hebbel na Minnesota ya nuna cewa ƙwayoyin nan suna da danƙo, su kan manne wa bangon jijiya. Cikin 2002 Paul Frenette a New York ya duba jijiyoyin ɓeraye masu sikila, ya ga fararen ƙwayoyi ne ke fara mannewa, sa'an nan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa har hanya ta toshe. Ɓerayen da aka cire wa ƙugiyoyin P da E kuwa sun tsira daga toshewar. Cikin 2017 kuma masana a Pittsburgh suka ga curin 'yan toshiya da fararen ƙwayoyi yana toshe jijiyoyin huhun irin ɓerayen nan.

MAGANI DA GWAJINSA

Tun da haka ne, me zai hana a rufe ƙugiyar? McEver da Cummings suna cikin waɗanda suka kafa wani ƙaramin kamfani a Oklahoma, mai suna Selexys, don wannan aiki. Aka ɗauki wani antibodi na ɗakin binciken McEver, aka gyara shi yadda jikin mutum zai karɓe shi, aka mai da shi maganin da a ke ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a wata. Aka gwada shi kan mutum 198 a Amurka da Brazil da Jamaika, shekara guda. Shugaban gwajin shi ne Kenneth Ataga, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Benin ta nan Nijeriya. Sakamakon ya fito cikin 2017. Waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta, ciwon ya tasar musu kusan sau 3 a shekara, waɗanda suka sami cikakken awo kuwa bai kai sau 2 ba, ragin kashi 45 cikin 100 ke nan. Kamfanin Novartis ya sayi Selexys cikin 2016, kuma a watan Nuwamba na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da maganin, da sunan Adakveo. Daga ranar da aka ga S12 zuwa wannan rana shekara 35 ke nan.

Da labarin tatsuniya ne da nan za mu ce ƙurunƙus. Amma ilmi yana da wata doka, ba a yanke hukunci da shaida guda. Aka sake wani gwaji kan mutum 252 a ƙasashe da dama, sakamakonsa ya fito cikin 2023, sai ga shi babu wani bambanci tsakanin masu magani da marasa shi. Masu gwajin sun ambata cewa an yi shi ne lokacin korona, sa'ad da mutane ke gudun asibiti, kuma al'adar zuwa asibiti ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Duk da haka Tarayyar Turai ta janye izninsa cikin wannan shekara, Ingila ta bi baya a farkon 2024. Banda wannan ga tsada. Kuɗin da aka sa masa a Amurka cikin 2019 ya haura dala 80,000 a shekara ga mutum guda, abin da ya fi ƙarfin talaka a ko'ina.

ABIN DA ZA MU RIƘE

To, ko aikin McEver ya tashi a banza ke nan? Ko kusa. Abin da ya gano yana nan daram, kowane ɗalibin likita a duniya yana karanta shi. An dai ƙara fahimtar cewa toshewar jijiya a jikin mai sikila igiyoyi da yawa ne suka ɗaure ta, kwance guda ba lalle ya isa ba. Kuma sanin nan ya haskaka wani magani da ke hannunmu tun tuni, mai araha, watau haidiroksiyuriya, wanda aka tabbatar tun 1995 yana rage tashin ciwon. Babban aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin jarirai, wanda ba ya lanƙwashewa, amma kuma yana rage yawan fararen ƙwayoyi da 'yan toshiya, watau yana rage masu tare hanya. Likitocinmu na Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada shi kan yaranmu don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya fito cikin 2022.

Saboda haka muna jan hankalin iyaye. Tun da mun ga kumburi ne ke tayar da ƙugiyoyin nan, duk abin da ke kunna shi abin gudu ne ga mai sikila. Zazzaɓi ba abin a bari sai gobe ba ne. A kwana cikin gidan sauro, a yi allurar rigakafi a kan kari, a sha ruwa da yawa, a rufe jiki lokacin hunturu, kada kuma a fara magani ko a daina sai da izinin likita. Masu niyyar aure su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, gama rigakafi ya fi magani.

Ga samarinmu da 'yan matanmu masu karatun likita da kimiyya kuwa, ga abin koyi. Mutumin nan ya ga wani ɗan abu wanda bai san amfaninsa ba, bai raina shi ba, ya bi shi shekara da shekaru. Kuma ba shi kaɗai ya ɗauki jinkar ba, sai da likitan jini, da masanin sukari, da injiniya, da likitan yara suka sa hannu. Marasa lafiyan da ilmin nan ya fi shafa a asibitocinmu su ke kwance, a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ya kamata hukuma da masu hali su tanadi madubai da ɗakunan bincike, su kuma yi haƙuri da masu aiki a cikinsu, don a riƙa yin tambayoyin a inda ciwon ya ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ƙara wa masu neman ilmi basira, amin.